Neman Faɗa a Ji a Jos: Takara, Soshiyal Midiya, Rawani ko Ƙungiya?

Wannan bayani na mutumin da ya fara tsayawa da ƙafafunsa ne a Jos, yana da sana'a ko aikin albashi da ɗan abin da ya tara, kuma ya gaji da ganin ana yanke shawara a kan unguwarsu ko kasuwarsu ba tare da an tuntuɓe shi ba. Kwalbati ta toshe a Gangare, taransifoma ta ƙone a Unguwar Rogo, an kama ɗan maƙwabci bisa kuskure, ko an ce masu tebur su tashi daga bakin titi, sai ya lura akwai wasu 'yan tsiraru da idan suka ɗaga waya magana takan motsa, shi kuwa iyakarsa ƙorafi a majalisar dare. Irin wannan mutum hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya shiga jam'iyya ya nemi takara, ya tara mabiya a soshiyal midiya, ya nemi sarauta, ko ya shiga ƙungiyar sana'arsa ko ta unguwarsu ya yi aiki har a ɗora masa shugabanci. Ban sa dukiya da malanta a lissafin ba, ko da yake sun fi duk waɗannan ƙarfi, domin ba abu ne da mutum zai zaɓa bana ya samu baɗi ba.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin shiga kaɗai ba, har da abin da za a ci gaba da kashewa bayan an shiga, wanda sau da yawa ya fi na shigar yawa. Na biyu shi ne ɗorewa, kuma tambayar da ta fi bayyana shi ita ce: wane ne ke da ikon raba ka da wannan matsayi, kuma sai ya nemi yardar wa kafin ya yi hakan? Na uku shi ne sauƙi, wato tsawon lokacin da za a ɗauka da kuma ko ƙofar a buɗe take ga kowa. Na huɗu shi ne haɗari ga rai, da 'yanci, da mutunci.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mutum ya amsa wa kansa kafin ya duba ma'aunan nan, ita ce ko so yake a san shi, ko so yake idan ya yi magana a yi aiki da ita. Abubuwan biyu sukan haɗu a wurin mutum ɗaya, amma ba dole ba ne, kuma akasarin masu da-na-sani a wannan fage sun biya kuɗin ɗaya ne alhali ɗayan suke buƙata.

Takara

Babu hanyar da ta kai wannan iko na zahiri. Ɗan majalisa yana da hannu a kasafin kuɗi, yana iya gayyatar kwamishina ya yi bayani, kuma wasiƙar da ta fito daga ofishinsa ba a ajiye ta ƙarƙashin tulin takardu. Ƙofar ma ta ɗan faɗaɗa tun 2018, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka rage shekarun neman majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Sai dai har yanzu ba a tsayawa takara sai a ƙarƙashin jam'iyya, kuma a nan ne kuɗi ke fara magana.

A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar dattawa miliyan 20, tare da rangwame ga matasa da mata. PDP ta sayar da nata a kan naira dubu 600, da miliyan 2.5, da miliyan 3.5. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe a miliyan 30, na majalisar wakilai kuma miliyan 70, kuma wannan ƙayyadewa kanta ta isa ta nuna cewa fom shi ne ƙaramin kashi. Kafin zaɓen fid da gwani akwai zagayen shugabannin gunduma da daliget, kowanne da kuɗin mota. Bayansa akwai fosta, da hayar motoci, da wakilan rumfuna ranar zaɓe, da lauya idan an tafi kotu. Wanda ya ci kuwa, daga ranar da aka rantsar da shi ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mai takardar asibiti da mai kuɗin makaranta, kuma duk wanda ya koma hannu rabbana zai tuna a zaɓe na gaba.

Wajen ɗorewa, mutumin Filato ba ya buƙatar a kawo masa misali daga nesa. A watan Yunin 2023 aka dakatar da shugabannin ƙananan hukumomi 17 na jihar da kansilolinsu. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar jiha 16 na PDP daga cikin 24, bayan ta kori sanatocin jam'iyyar biyu, ba don an ce sun sha kaye a akwati ba, sai don matsalar tsarin shugabancin jam'iyyarsu. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Gwamna Caleb Mutfwang, ta ƙi amincewa da wannan hujja, amma 'yan majalisar ba su amfana ba, domin shari'ar zaɓensu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Mutum ya sayar da fili, ya ci zaɓe, ya rasa kujera a kan taron jam'iyyar da ba shi ya shirya ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya haramta wa gwamnoni maye gurbin zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi da kantomomi, ya ɗan ƙarfafa gwiwar masu neman kansila da ciyaman, amma har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensu, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta.

Haɗarin rai ma ba ƙarami ba ne a garin da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa na Nuwambar 2008 ya rikiɗe ya zama tarzomar da ɗaruruwan mutane suka rasu a cikinta. Ɗan takara a nan yana ɗauke da nauyin harshensa fiye da takwaransa na wani gari.

Soshiyal midiya

Ita ce mafi arha wajen shiga, shi ya sa ta fi jan matasa. Waya mai kyamara mai kyau, data, da ɗan makirufo sun isa, kuma babu shugaban gunduma ko bafade da za a gaisar kafin a buɗe shafi. Amma kuɗin data ba ya yankewa, ya ma ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kuma abin da ya fi data tsada shi ne lokaci, domin shafin da ya yi makonni shiru kamfanin kan rage nuna shi ga jama'a. Samun kuɗi daga ciki ma yana da sharuɗɗa: a YouTube, alal misali, hanyar da aka saba bi don shiga rabon kuɗin talla ita ce mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma tallar da ake nuna wa masu kallo a Nijeriya ba ta biya kamar ta Amurka ko Ingila.

Amfaninta na gaske shi ne sauri da kunyatarwa. Bidiyon ajin da rufinsa ya yaye ko titin da ruwa ya cinye yana iya kaiwa idon kwamishina a yini ɗaya, abin da wasiƙa za ta yi watanni ba ta yi ba. Ina ganin duk wanda ya raina wannan ƙarfi bai lura da yadda jami'ai ke tsoron a ambaci sunansu ba. Iyakarta kuma a fili take: mabiyi dubu hamsin da suka watsu daga Kano zuwa Yamai zuwa Jidda ba za su zo ofishin 'yan sanda na unguwa su tsaya wa mutum beli ba, kuma ba su da katin zaɓe a mazaɓarsa.

A ɓangaren ɗorewa ita ce ta baya. Shafin ba mallakar mai shi ba ne, na kamfani ne, kuma kamfanin yana iya rufe shi a kan ƙorafin da ba za a bayyana masa ba. Gwamnati ma tana iya toshe dandalin gaba ɗaya, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Nijeriya daga watan Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. Ga kuma masu satar shafi ta hanyar lambar sirri, abin da ya zama ruwan dare.

Haɗarin doka ya fi yadda matasa ke zato. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya sha kai masu rubutu da 'yan jarida hannun 'yan sanda, kuma ko da yake an taƙaita shi a gyaran 2024, kame bai tsaya ba. A Kano, a Nuwambar 2022, kotu ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu hukuncin bulala da tara a kan ɓata sunan gwamna. Amma haɗarin da ya fi damuna a Jos ba na mai shafin ba ne, na jama'a ne. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da Filato suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin watan Yuni na shekarar, kuma 'yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar. Dandalin yana ɗaga abin da ya fi tunzura mutane, don haka mai neman mabiya da gaggawa kullum ana jan sa zuwa ga kalmar da za ta tayar da hankali, a garin da kalma ɗaya kan rufe kasuwa.

Rawani

A nan dole a rarrabe sarauta iri biyu. Akwai mai aiki, kamar mai unguwa da dagaci da hakimi, wadda akasari gado ne ko zaɓin dattawan wuri, ba a nemanta da kuɗi kawai. Akwai kuma ta karramawa, wadda sarki ke bai wa wanda ya ga dama, kuma ita ce yawancin masu hannu da shuni ke nufi idan suka ce suna neman rawani. Babu farashi a rubuce, amma akwai gaisuwar fada, da ɗinkin manyan riguna da alkyabba, da dawaki, da abincin baƙi, da makaɗa da maroƙa ranar naɗi, sannan kowace Sallah da kowane taron fada akwai abin da ake jiran mai sarauta ya yi. Rawani ba ya kawo albashi, yana kawo baƙi.

Tana daɗewa fiye da kujerar siyasa, domin ba ta da wa'adi, kuma sunan yakan bi 'ya'ya. Tana buɗe ƙofofin da kuɗi ba ya buɗewa, musamman wajen sulhu, da neman aure, da shiga wurin manya. Amma tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba, kuma gwamnati ce ke riƙe da sandar naɗawa da tuɓewa. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. An tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020 aka mayar da shi a Mayun 2024, kuma kowane juyi ya girgiza masu riƙe da sarautun da ke ƙasa. Idan haka ta faru da masu sanda, mai sarautar karramawa ya san matsayinsa.

Jos tana da nata yanayi. Gbong Gwom Jos, wato babban basaraken Jos, Da Jacob Gyang Buba, shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar, masarautun da ke bin tsarin sarautar Hausa kamar Wase da Kanam kuma suna nesa da birnin. Batun sarauta a cikin garin yana ɗaure da tsohuwar muhawarar ɗan ƙasa da baƙo, don haka laƙabin da zai wuce salin alin a Bauchi yana iya jawo takardar ƙorafi a nan. Wanda ya karɓo rawani daga garin kakanninsa zai sami girma a taron biki, amma da wuya rawanin ya gyara masa kwalbatin Gangare.

Ƙungiya

Wannan ita ce hanyar da ba ta da ƙyalli, kuma ita na fi ba wa ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da motocin kabeji da karas da tumatir ke sauke kaya, ya ga yadda take aiki. Manomi ya ce kwandonsa arba'in ne, dillali ya ce talatin da takwas ya karɓa, direba yana jiran kuɗinsa, murya ta fara tashi. Ba a kiran ɗan sanda. Ana tafiya rumfar shugabanni, a kira ɗan dakon da ya sauke, a duba littafin sakatare, a yanke magana kafin rana ta ɗaga, kuma wanda aka ba rashin gaskiya yana biya, domin ya san gobe ma a nan zai ci abinci. Dattijon da ya yanke wannan hukunci mai yiwuwa ba shi da shafi a ko'ina, amma idan hukuma za ta ƙara kuɗin rumfa ko ta sauya wurin sauke kaya, da shi za ta zauna, kuma ɗan takara ma wurinsa yake fara zuwa. Haka abin yake a Katako, da Kara ta Bukuru, da tashoshin mota, da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya.

Kuɗin shiga kaɗan ne: rajista da kuɗin wata ko na mako. Abin da ake biya da gaske shi ne shekaru, na halartar taro, da zuwa jana'iza da suna, da riƙe kuɗin jama'a ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba. Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi sakatare ko ma'aji kafin ya yi mafarkin shugaba, domin mai riƙe da littafi shi ya san kowa, kuma shi ake tura wa ofisoshi. Wanda zai kafa sabuwar ƙungiya yana iya yi mata rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, inda ake buƙatar tsarin mulkin ƙungiya, da sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a riƙa miƙa rahoto duk shekara. Idan ta adashi da rance ce, rajistar ƙungiyar gama kai a matakin jiha ta fi sauƙi da arha.

Ɗorewarta ta samo asali ne daga cewa babu mutum ɗaya da ya ba da matsayin, don haka babu mutum ɗaya da zai karɓe shi da sa hannu. Sauran hanyoyin uku duk aro ne, daga jam'iyya, ko kamfani, ko fada, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, ginin ya tafi, amma 'yan kasuwar da suka watsu a titunan kewaye ba su daina sanin shugabanninsu ba. Kuma ba ƙaramin wuri ƙungiya ke iya kaiwa ba: a Jos aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, yau kuwa tana da masallatai da makarantu a faɗin Nijeriya da maƙwabta.

Tana da nata ramuka. Rikicin kuɗi da na zaɓen shugabanni yana raba ƙungiya gida biyu, kuma zargin cin amana a cikin mutanen da ake kwana ake tashi tare ya fi zagin baƙi a intanet ciwo. Ƙarfinta yana ɗaure da sana'ar da ta tara mutanen, kamar yadda shugabannin 'yan acaba suka gani da aka hana acaba a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattu a wasu yanayi. Sannan akwai 'yan siyasa, waɗanda kan sayi shugaba da kujerar Makka ko mota, daga ranar kuma mambobi su daina ganinsa a matsayin nasu.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Takara | Mai yawa, kafin da bayan zaɓe | Wa'adi ɗaya, kotu ko jam'iyya na iya yanke shi | Sai da jam'iyya da uban gida | Bashi, shari'a, tarzoma |
| Soshiyal midiya | Kaɗan, amma kullum | Mafi rauni | A buɗe ga kowa | Kame, rufe shafi, rura fitina |
| Rawani | Mai yawa, ba ya yankewa | Doguwa, muddin fada na nan daram | Sai da gado ko sanayya | Rikicin masarauta, nauyin baƙi |
| Ƙungiya | Kaɗan | Mafi ƙarfi | A buɗe, amma sai an yi shekaru | Zargin kuɗi, rabuwar kai |

Wace ce ta dace da wa

Wanda damuwarsa ta tsaya a kan kasuwarsu, tasharsu ko unguwarsu, kuma yana da haƙuri fiye da kuɗi, ƙungiya ce tasa, kuma wannan ya haɗa da mafi yawan masu karanta wannan bayani. Mata ma a nan suka fi samun fili, ta ƙungiyoyin adashi da na makarantun Islamiyya da na masu sana'ar hannu, inda ba a buƙatar taron tsakar dare irin na siyasa.

Wanda ke son a canza doka ko a sa aiki a kasafin kuɗi ba shi da makawa sai takara, amma kada ya sayi fom sai yana da sana'ar da zai koma idan ya faɗi, da kuɗin da zai iya rasawa ba tare da ya taɓa gidan da iyalinsa ke ciki ba, da jama'ar da suka san shi kafin fosta. Ya kuma sa lauya ya duba masa lafiyar shugabancin jam'iyyar a jihar kafin ya biya kwabo.

Ɗalibi, ko ɗan jarida, ko mai kayan sayarwa, wanda buƙatarsa ita ce muryarsa ta yi nisa, soshiyal midiya za ta yi masa aiki, da sharaɗin ya tsaya a kan fanni ɗaya da ya sani, ya tabbatar da kowane hoto kafin ya tura, ya kuma tara lambobin mutanensa a wajen dandalin. Ta fi amfani idan aka haɗa ta da ƙungiya, inda sakatare mai shafi ke kai kukan mambobi inda ƙafarsu ba ta kaiwa.

Rawani kuwa ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi suna da dukiya ko aiki, ya manyanta, yana son ya zama mai shiga tsakani da sulhunta jama'a, kuma aljihunsa zai ɗauki hidimar fada shekara da shekaru. Matashin da ke tunanin cin bashi don naɗi gara ya kai kuɗin cikin jarinsa, ya je ya yanki katin ƙungiyar sana'arsa.